Ma'anar Kalmar "Stash" a Turanci da Abin da Ya Raba Ta da "Hide"

Tambaya: Malam, ina yawan cin karo da kalmar *stash* a jaridun Turanci, musamman idan an kama maƙudan kuɗi ko miyagun ƙwayoyi. Da na duba ƙamus sai na ga an fassara ta da *hide*. Amma da na rubuta "The thief stashed behind the door" a aikin aji, malaminmu ya ja mata jan biro, bai kuwa yi mini bayani ba. Shin ba ma'anarsu ɗaya ba ce? Kuma ya halatta in yi amfani da ita a jarrabawa?

Amsa: Malaminka ya yi daidai, ƙamus ɗinka ma bai yi ƙarya ba, sai dai ya taƙaita ne a inda ake bukatar bayani. *Hide* kalma ce mai faɗi wadda ta game kowane irin ɓoyo: ɓoye kuɗi, ɓoye fuska, ɓoye baƙin ciki, har da mutum ya ɓuya shi da kansa. Ita kuwa *stash* yanki ɗaya kawai ta ɗauka daga cikin wannan faɗin, wato mutum ya ɗauki wani abu da ake iya taɓawa, ya kai shi wurin da idon jama'a ba ya kaiwa, da niyyar ya dawo wata rana ya ɗauka ya yi amfani da shi. Wannan niyya ta dawowa ita ce ƙashin bayan kalmar, kuma duk wanda ya riƙe ta ya riƙe fiye da rabin abin da ake bukata.

Ka ɗauki misalin mutum biyu da suka yi fashi. Na farko ya jefa bindigarsa cikin kogi don kada 'yan sanda su gan ta. Wannan ya ɓoye shaida, amma Bature ba zai ce ya yi *stashing* ɗin bindigar ba, domin ba shi da nufin sake ganinta har abada. Na biyu ya nannaɗe tasa a cikin tsumma, ya hau kan kujera, ya ɗaga allon silin guda ɗaya, ya cusa ta ciki, ya mayar da allon yadda yake, da nufin idan ƙura ta lafa ya zo ya ɗauko abarsa. A kan wannan na biyun ne ake cewa "He stashed the gun in the ceiling." Saboda haka idan muka nemi matsayin kalmar a Hausa, za mu same ta tsakanin "ɓoye" da "adana": tana da sirrin ta farko, tana kuma da tanadin ta biyu. A wasu wuraren "kimshe" ce ta fi dacewa da ita, a wasu "cusa", a wasu kuma sai an ce "ɓoye don gaba" kafin ma'anar ta cika.

Game da jimlarka kuwa, Hausa da kanta za ta nuna maka inda kuskuren yake. Mu muna da siffa biyu da muka raba aikin da su. Muna cewa ɓarawo ya ɓuya a bayan ƙofa, idan shi ne da kansa ya laɓe; muna kuma cewa ɓarawo ya ɓoye kuɗi a bayan ƙofa, idan wani abu ne ya sakaya. Ta farko aikatau ce ƙi-karɓau, ta biyu so-karɓau, wato mai bukatar karɓau, abin da aikin ya faɗa a kansa. A Turanci kalmar *hide* ita kaɗai take yin ayyukan nan biyu, don haka "He hid" da "He hid the money" duka daidai ne. *Stash* kuwa aiki na biyu kaɗai take yi, ba ta tsayawa sai da karɓau. Da ka rubuta "The thief stashed behind the door", mai karatu zai tsaya yana jiran ka faɗa masa abin da ɓarawon ya ɓoye, kamar yadda Bahaushe zai tsaya idan ka ce masa "ɓarawo ya kimshe a bayan ƙofa". Gyaran jimlar hanya biyu ne, ya danganta da abin da kake nufi: ko dai "The thief hid behind the door", ko kuma "The thief stashed the money behind the door."

Bayan karɓau, kalmar tana son a ambaci wuri. Kusan kullum za ka gan ta tare da ƙananan kalmomin nan masu nuna muhalli, irin su *in*, *under*, *behind* da *inside*. Ana cewa "She stashed the letters under the mattress", wato ta cusa wasiƙun a ƙarƙashin katifa, ana kuma tambaya "Where did you stash the keys?", wato ina ka ajiye makullan. Idan mai magana ba ya son faɗin wurin, ko kuwa wurin ba shi ne abin dubawa ba, sai ya cike gurbin da *away*, ya ce "He has some money stashed away", ma'ana yana da 'yan kuɗi da ya ɓoye wa bacin rana. Akwai ƙa'ida ɗaya a nan da ɗalibai da yawa ke tuntuɓe a kanta, kuma ta shafi duk aikatau masu tafiya da irin wannan ƙaramar kalma. Idan karɓau suna ne, kana da zaɓi: "stash the money away" da "stash away the money" duka sun halatta. Idan kuwa wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya, sai dai ka ce "stash it away", domin "stash away it" ba Turanci ba ne.

Wani bambancin shi ne yadda ake ambaton wanda ake ɓoye wa abin. Da *hide* abu ne mai sauƙi, ana sa *from* ne kawai: "Hide the sweets from the children", wato ɓoye wa yara alewar. *Stash* ba ta jin daɗin wannan gini, domin hankalinta yana kan wurin ajiya ne fiye da kan wanda ake guje wa. Mai harshen zai fi cewa "Stash the sweets where the children can't find them", ya mayar da maganar yaran ta zama bayanin wuri.

Sannan akwai abubuwan da ba a yi musu *stash* ko kaɗan. Duk abin da ba shi da jiki, irin su fushi, kunya, gaskiya, niyya ko rashin lafiya, sai dai *hide* ko *conceal*. "She hid her disappointment" daidai ne, amma "She stashed her disappointment" zai zo wa mai sauraro banbaraƙwai, sai fa a bakin marubucin adabi da ya yi hakan da gangan. Haka nan idan abu ne ya kare wani abu ba tare da mutum ya shirya ba, kamar gajimare ya rufe rana ko labule ya kare taga, *hide* ce ke aiki: "The clouds hid the sun." Gajimare ba shi da niyya, *stash* kuwa ba ta rabuwa da mai niyya. Kuɗin da ke banki da bayanan da ke cikin kwamfuta sun shigo cikin kalmar duk da cewa ba a riƙe su a hannu, saboda ana ɗaukar su a matsayin kayan da ake ajiyewa a dawo a ɗauka. Mutum ma ana iya yi masa *stash*, amma a magana ta musamman, irin ta 'yan sanda da masu laifi a Amurka, inda za ka ji an ce an yi *stashing* ɗin mai ba da shaida a wani otal har ranar shari'a. Kalmar a nan tana mayar da mutumin kamar kaya, don haka kada ka yi amfani da ita ga wanda kake girmamawa. Daga wannan fanni ne aka samu *stash house*, wato gidan da masu fataucin ƙwaya ke ajiye hajarsu, ko masu safarar mutane ke tsare baƙin haure kafin a wuce da su gaba.

Ta fuskar sarrafawa, kalmar ba ta da wahala, ba kamar *hide* ba da take rikiɗa zuwa *hid* da *hidden*. Siffofinta su ne *stash*, *stashes*, *stashed* da *stashing*, kuma ana ƙara *es* ne maimakon *s* saboda ta ƙare da *sh*. Inda aiki yake shi ne furuci. Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere, shi ya sa bakinmu ke son cusa wasali a tsakani, ya mayar da ita "sitash". Gaɓa ɗaya ce tak. Haka ma *stashed* gaɓa ɗaya ce, kuma ƙarshenta sautin "t" ne, domin *ed* idan ta biyo bayan *sh* haka ake furta ta, kamar a *washed* da *pushed*. Ka kuma kula kada ka rikita ta da *stack*, wadda ke nufin jera abubuwa wani kan wani a fili, kamar buhunan hatsi a sito. Na sha ganin ɗalibai sun rubuta ɗaya a madadin ɗaya, alhali ɗaya nunawa take yi, ɗayar ɓoyewa.

Tarihin kalmar zai taimaka maka ka gane abin da ya sa take da ɗan ƙaurin rashin gaskiya. *Hide* tsohuwar kalma ce da ta zo daga tsohon Turanci, an fi shekara dubu ana amfani da ita. *Stash* kuwa ba ta bayyana a rubuce ba sai a ƙarshen ƙarni na 18, kuma ta fito ne daga zaurancen ɓarayi da 'yan kurkuku. Wasu masu nazarin asalin kalmomi suna ganin an ƙera ta ne daga haɗin *stow* da *cache*, amma manyan ƙamusoshi suna ɗaukar wannan a matsayin hasashe. Wani ɗan Ingila mai suna James Hardy Vaux, wanda aka kai Ostareliya a matsayin fursuna, ya tattara kalmomin zaurancen ɓarayi a 1812, aka buga su a 1819, kuma a cikin wannan tarin *stash* tana nufin daina abu ko kawo ƙarshensa. Wannan ma'ana ta kusa ɓacewa a yau, ta ɓoyewa ce ta yi rinjaye. Amfani da ita a matsayin suna ya zo ne daga baya, a farkon ƙarni na 20, kuma daga nan ta manne wa masu shan ƙwaya, har ta kai idan aka ce an kama mutum da *his stash* ba tare da ƙarin bayani ba, abin da zai fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne ƙwayar da ya ajiye don kansa.

Wannan ƙaurin ne ya sa 'yan jarida ke son ta. Gajera ce, tana shiga kanun labari ba tare da cin wuri ba, kuma tana ɗauke da zargi ba tare da an furta shi ba. A watan Afrilun 2017, lokacin da hukumar EFCC ta gano tsabar kuɗi fiye da dala miliyan 43 a wani gida da ke unguwar Ikoyi a Legas, *stashed* na cikin kalmomin da jaridun Turanci suka yi amfani da su. Haka aka yi a 2016 lokacin da takardun Panama, waɗanda suka fallasa masu ɓoye dukiya a ƙasashen waje, suka fito fili, inda maganar *stashing money offshore*, wato kai dukiya ƙasashen waje a ɓoye ta daga masu karɓar haraji, ta cika kafafen labarai na duniya. A nan akwai abin da ya kamata duk mai rubuta labari ko mai fassara shi ya lura da shi. Jimlar "He kept the money in a foreign account" bayani ne kawai, ta ce ya ajiye kuɗi a asusun waje. Jimlar "He stashed the money in a foreign account" kuwa ta riga ta nuna cewa ɓoyewa ya yi, kuma akwai wanda yake guje wa. A ganina, wanda ke rubutu a kan mutumin da kotu ba ta yanke wa hukunci ba, ya kamata ya tsaya a kan *kept* ko *deposited*, kuma mai fassara zuwa Hausa kada ya mayar da *kept* ta zama "ɓoye" ko "kimshe", kada kuma ya sassauta *stashed* ta zama "ajiye" kawai, domin a kowanne daga cikin biyun ya canja abin da marubucin ya faɗa.

Duk da haka kuskure ne a ɗauka cewa kalmar ta masu laifi ce kaɗai. A maganar yau da kullum ta Ingila da Amurka, yawancin amfaninta ba shi da wani aibi, har ma yakan zo da ɗan raha. Uwa tana iya cewa tana da *a secret stash of chocolate* a saman kabad inda hannun yara ba ya kaiwa. Masu saƙa da ɗinki suna kiran tarin zare da ƙyallayen da suka saya suka ajiye *my stash*, suna alfahari da shi. Abokin tafiya yana iya ce maka "Stash your bag under the seat", ba don jakar tana da wani sirri ba, sai don ka kawar da ita daga hanya. A irin wannan wuri ma'anar ɓoyo ta yi sanyi ƙwarai, abin da ya rage shi ne ajiyewa cikin hanzari a wani lungu har zuwa lokacin bukata. Masu rubuta manhajar kwamfuta ma sun ari kalmar da wannan ma'ana: a cikin Git, manhajar da suke adana tarihin gyare-gyaren aikinsu da ita, akwai umarnin *git stash*, wanda ke kwashe gyare-gyaren da mutum bai gama ba ya ajiye su gefe, ya bar masa wurin aiki tsaf, har ya dawo ya maido su. Babu wanda ake ɓoye wa komai a nan, amma niyyar dawowa tana nan daram, abin da ke nuna cewa ita ce ɓangaren ma'anar da ba ya faɗuwa.

Tun da tambayarka ta shafi zaɓen kalma, ya kyautu in taɓo 'yan uwanta. *Conceal* ta shigo Turanci ne daga Latin ta hanyar tsohon Faransanci, kuma ita ce kalmar kotu, ofis da rahoto. Tana aiki ga abu mai jiki da marar jiki, tana kuma kusa da "sakaya" a Hausa, kamar yadda muke cewa wani ya nemi a sakaya sunansa. Sanarwar hukumomi irin su NDLEA da Kwastam takan ce an samu haramtattun kaya *concealed in* kaza, domin harshen hukuma ba ya ɗaukar sara. Abin da *conceal* ke dubawa shi ne hana a gani ko a sani, ba ruwanta da ko mai abin zai dawo. *Secrete* ta fi ta tsauri, ba ka cika jin ta a baki ba sai a rubutu, kuma tana da tagwai mai rubutu iri ɗaya da ke nufin fitar da ruwa daga jiki, kamar yadda hanta ke fitar da ɗaci, don haka gara ɗalibi ya san ta ya bar ta. *Stow* kalmar jirgi ce, shirya kaya tsaf a mazauninsu, ba ta da sirri ko kaɗan.

*Hoard* ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ita ce aka fi rikitawa da *stash*. Abin da ta fi dubawa shi ne yawa da riƙewa: tara abu fiye da bukata, a hana shi fita, sau da yawa a lokacin da jama'a ke nemansa. Ɗan kasuwar da ya cika sito da shinkafa ya kulle yana jiran farashi ya tashi, ko mai gidan mai da ya rufe famfo alhali tankinsa a cike, *hoarding* ake cewa suna yi, wato abin da muke kira ɓoye kaya. Mutum yana iya yin *stash* na naira dubu ɗaya, amma ba a cewa ya yi *hoarding* ɗinta. Kuma *hoard* ba ta neman a ambaci wuri: "They are hoarding fuel" cikakkiyar jimla ce. Masu binciken kayan tarihi ma ita suke amfani da ita ga dukiyar da aka binne tun da daɗewa, kamar tarin zinariyar zamanin Angulo-Sakson, mutanen Ingila na dā, da aka tono a wata gona a Staffordshire ta Ingila a 2009, wanda aka sani da Staffordshire Hoard. Ita kuwa *cache*, wadda ta fito daga kalmar Faransanci *cacher* mai nufin ɓoyewa, an fi amfani da ita a matsayin suna, musamman ga makamai da guzuri, kamar *a cache of weapons*, kuma ita ce dai wadda kake gani a wayarka idan aka ce ka share ta don samun wuri. Ana furta ta daidai da *cash*, gaɓa ɗaya.

Maganar jarrabawa kuwa, ƙamusoshin masu koyon Turanci, irin su na Oxford da na Cambridge, sun yi wa *stash* alamar *informal*, wato kalmar hira ce da rubutu mai sassauci. Idan an ba ka tambayar ƙirƙirar labari ko wasiƙa zuwa ga aboki a WAEC ko NECO, ka yi amfani da ita ba tare da fargaba ba, musamman a bakin wani daga cikin mutanen labarin, muddin ka ba ta karɓau kuma ka faɗi wurin. Idan kuwa wasiƙar neman aiki ce, ko rahoto ga shugaban makaranta, ko muƙala a kan wani batu na ƙasa, ka bar ta ka ɗauki *hide*, *conceal*, *store* ko *keep* gwargwadon abin da kake nufi: *conceal* idan laifin ɓoyewa kake son nunawa, *store* ko *keep* idan ajiya ce ta halal, *hoard* kuma idan maganar 'yan kasuwar da ke riƙe kaya ce.